Zoom H1n a dajin Lekki: rakodar da ke kama kukan tsuntsu tare da rugugin titi

Duk wanda ya taso a Arewa ya san da kunne ake fara gane wayewar gari. Zakara zai fara, kurciya ta karɓa, cilakowa ta amsa daga kan tsamiya, kafin marai su cika bishiya da surutu. A Legas kuwa, ko a Agege mutum yake kwana ko Idi-Araba ko Obalende, janareton maƙwabci da hon ɗin danfo ne ke tashinsa. Wannan ya sa ɗaliban nazarin muhalli, da masu sha'awar tsuntsaye, da matasan da ke haɗa bidiyo suke yawan tambaya a kan ƙaramar na'urar da za ta ɗauko musu sautin daji ba tare da ta cinye albashin wata ba. Sunan da ya fi yawo a bakin mutane shi ne Zoom H1n, rakodar wani kamfanin Japan da ta fito a 2018, wadda a kasuwannin waje aka riƙa sayar da ita wajen dala 100.

Tana aikin, kuma ta fi kowace waya nesa ba kusa ba. Sai dai akwai wani abu game da ita da ya kamata mai saye ya sani tun kafin ya zaro kuɗi: hayaniyar Legas tana rufa mata asiri. Babban aibinta ba ya fitowa sai an kai ta inda ya yi tsit da gaske.

Tsawonta bai kai santimita 14 ba, nauyinta kuma wajen giram 60 idan babu batir. A samanta akwai makirufo biyu da aka gitta su, ɗaya na kallon dama ɗaya hagu, cikin wani ɗan keji na roba. Wannan gittawar ce ke sa idan ka saurara da hedifon ka gane tsuntsun nan daga hagu yake, wancan kuma daga dama. Ƙarƙashinsu akwai dabaran ƙarfin ɗauka mai lamba 0 zuwa 10, sai ɗan allo, sai maɓallai huɗu da aka rubuta wa AUDIO, LO CUT, LIMITER da AUTO LEVEL. Tana da ramin hedifon, da ramin jona makirufon waje, da ƙaramin ramin USB irin na tsofaffin wayoyin Android. Batir 2 take ci, ƙanana masu lamba AAA. Dabaran nan shi ne abin yabo na farko. Cikin duhun asuba, da yatsa ɗaya za ka ƙara ko ka rage, babu shiga wani jerin zaɓi, babu ƙarar latsawa da za ta shiga cikin abin da ake ɗauka.

Maɓallin AUDIO shi ke zaɓen irin fayil. A bar MP3 kwata-kwata, domin yana zubar da sassan sautin da yake ganin kunne ba zai damu da su ba, kuma a cikinsu ne siraran muryoyin tsuntsaye da na ƙwari suke. A zaɓi WAV mai 48 kHz da bit 24. Lambar farko tana nufin na'urar na auna sautin sau 48,000 a daƙiƙa guda, abin da ke ba ta damar kama sauti har zuwa 24 kHz (Hz ma'aunin kauri ko sirancin sauti ne, 1 kHz kuma 1,000 Hz ne), sama da iyakar kunnen ɗan Adam. Tana iya hawa 96 kHz, amma ga tsuntsaye ɓarnar wuri ce kawai. A 48 kHz awa ɗaya na cin kusan gigabait 1, don haka katin gigabait 32 zai ɗauki wajen awa 30. Kuma 32 ɗin nan ita ce iyakarta. Wanda ya sayo kati mai 64 ya yi asarar kuɗinsa.

Iska ita ce abokiyar gabar farko. Makirufon H1n tsirara suke, kuma iskar da ko ganye ba ta kaɗa sosai ba ta isa ta cika faifan da wani bugu mai kama da ana dukan ganga da tafin hannu. Wannan bugun ba ya gyaruwa a kwamfuta, domin ya riga ya danne duk abin da ke ƙarƙashinsa. Sosan da ake sa wa makirufo yana maganin hucin baki ne a cikin ɗaki, a waje kuwa ba ya tsinana komai, balle a Lekki da iskar teku ke tasowa da zarar rana ta ɗaga. Abin da ke aiki shi ne hular nan mai dogon gashi da ake tura wa kan rakodar. Gashin yana karya ƙarfin iskar kafin ta isa makirufo. Daban ake sayenta, kuma wanda bai saye ta ba gara ya bar rakodar a gida. Idan gashin ya jiƙe ko ya cukurkuɗe, a shanya shi a inuwa a taje shi da tsohon buroshin haƙori, in ba haka ba sai ya riƙa toshe siraran sautuka.

Na biyu hannunka ne. Jikinta roba ce marar kauri, kuma duk motsin yatsa, ko gogar wayar hedifon a riga, yana shiga kai tsaye. Dole a ɗora ta a kan ƙaramar ƙafa uku irin ta kyamara, akwai ramin ɗauri a bayanta. A murɗa a hankali kar a tsananta, roba ce. Bayan an latsa jan maɓalli sai a ja da baya kamar taku 10 a tsaya cik, ko a zauna. Numfashi, da kukan ciki, da shafa sauro a wuya, duk tana kamawa. Waya kuma a kashe mata sabis gaba ɗaya, domin idan tana kusa tana neman layi takan jefa wani kirr-kirr cikin faifan.

Legas ba ta da gandun daji na ƙasa. Abin da ya fi kusa da shi a cikin gari shi ne dajin da Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya ta kafa a 1990 a gefen babban titin Lekki zuwa Epe, wato Lekki Conservation Centre, mai faɗin hekta 78. Fadama ce da kurmi da ɗan fili mai ciyawa, da birai, da kadoji, da tsuntsaye iri-iri, ga kuma gadar sama mai tsawon mita 401 da ta yi suna. Can gaba a kan titin akwai wani dajin shaƙatawa mai suna LUFASI, wanda bai kai shi girma ba. Mai sayen wannan rakoda a Legas zai iya fara gwada ta a dajin na Lekki, kuma akwai abubuwa biyu da wurin ke koyarwa nan take. Na farko, hanyar katakon da ta ratsa fadamar tana ɗauko takun mutum daga nesa ta hau da shi ta ƙafafun abin ɗorawa har cikin makirufo, tun kafin ka hango mai tafiyar. Idan babu ƙasa mai tauri a kusa, a ninke tawul ko a sa soso a ƙarƙashin kowace ƙafa. Gadar sama kuwa wurin kallo ce, ƙarfe da igiyoyinta ba sa daina ƙara muddin akwai mai motsi a kanta.

Abu na biyu ya fi nauyi. Kunne yana da wayo, yakan ture abin da ya saba ji ya bar maka abin da kake so. Mutum zai tsaya a tsakiyar kurmin ya ce kai, wurin nan shiru. Rakoda ba ta da wannan wayon. Ka sa faifan a manhajar Audacity, wadda kyauta ce, ka juya shi zuwa hoton sauti, inda lokaci ke tafiya daga hagu zuwa dama, kauraran sautuka a ƙasa, sirara a sama. Can sama, tsakanin 4 da 8 kHz, za ka ga zaren gyare da sauran ƙwari a miƙe. Ƙasa da su kaɗan ga kukan ƙananan tsuntsaye kamar an yi zane da tsinke, wani ya hau, wani ya gangaro, wani ɗigo-ɗigo. Sai kuma ƙasan hoton gaba ɗaya, daga 1 kHz zuwa tushe, wani baƙin gajimare da bai yanke ba daga farkon faifan har ƙarshe. Titi ke nan. A cikin gajimaren za ka ga layuka a kwance sambal kamar an ja su da rula, a 50 Hz, da 100, da 150. Janareto ne, domin wutar Najeriya a 50 Hz take, kuma ƙaramin janareton fetur yana juyi 3,000 a minti, wato 50 a daƙiƙa. Kurciya da ragon maza, masu kauraran muryoyi, a cikin wannan gajimaren kukansu yake faɗawa, sai ka zura ido kafin ka gan shi.

Dalilin da ya sa titin ke biyo mutum har tsakiyar daji ba boyayye ba ne. Sauti mai fitowa daga wuri guda, kamar janareto, yana raguwa da desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) duk lokacin da nisa ya ninka. Titi mai cike da motoci kuwa dogon layi ne na sauti, shi desibel 3 kawai yake raguwa. Ganye da iska suna shanye siraran sautuka da wuri, amma rugugin tirela yana ratsa bishiyoyi kusan kamar babu su. Hekta 78 ko murabba'in kilomita 1 bai kai ba, ga gidaje da gine-gine sun kewaye shi. Da sassafe ma akwai ƙari: idan iskar ƙasa ta fi ta sama sanyi, sauti yakan lanƙwaso ƙasa maimakon ya tashi sama, sai motar da ke nesa ta zama kamar a bayanka take.

A nan ne mutane ke sa rai da maɓallin LO CUT. Yana yanke kauraran sautuka daga 80, ko 120, ko 160 Hz zuwa ƙasa. Yana rage bugun iska da gurnanin janareto, kuma ko a 160 ba ya taɓa kukan kurciya. Amma hayaniyar titi ta haura can sama da haka, don haka kar a zaci zai share ta. Shawarar da ta fi ita ce: idan don jin daɗin sauraro ake ɗauka, a sa shi a 80 ko 120. Idan kuwa don a nuna yawan hayaniyar wurin ne, a kashe shi, domin abin da ake son nunawa ne yake gogewa. Abin da aka yanke lokacin ɗauka ba ya dawowa, wanda aka bari kuwa ana iya yanke shi daga baya a kwamfuta.

Kar a ɗauki wannan baƙin gajimare a matsayin damuwar mai rakoda shi kaɗai. Tsuntsu da murya yake neman mata, da ita yake tsare yankinsa, da ita yake gargaɗin 'yan'uwansa idan shaho ya taso. Mujiya da kunne take farauta. Idan hayaniyar wuri ta ƙaru da desibel 3 kacal, faɗin filin da dabba ke iya jin abu a cikinsa yana raguwa da rabi, idan ta ƙaru da 10 kuwa kashi 90 cikin 100 ne ke tafiya. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2017 ya gano cewa hayaniyar mutane ta ninka ƙarfin sauti sau 2 a kashi 63 cikin 100 na wuraren da aka keɓe don kare halittu a Amurka, ta kuma ninka shi sau 10 a kashi 21. Hukumar gandayen dajin ƙasar tana da sashe guda da aikinsa ke nan, kula da sautin daji da duhun dare. A birnin Laidin na Holan, tun 2003 aka nuna wani ƙaramin tsuntsu yana ɗaga muryarsa ta ƙara sirancewa a unguwanni masu hayaniya don ta tsallake rugugin motoci. A Shafil ta Ingila kuma an ga wani yana komawa kuka da dare a wuraren da rana ta cika ƙara. Mu a nan ba mu da tarin faifai na shekara da shekaru da za a gwada jiya da yau, kuma titin Lekki kullum ƙara cika yake. Duk faifan da aka ɗauka da kyau aka rubuta ranarsa da wurinsa, shaida ce da za a nema nan gaba. A wannan aikin H1n ta isa har ta yi saura.

Inda take gazawa shi ne wurin da babu titi. Kowace rakoda tana da hucin kanta, wani shuuu da ke fitowa daga makirufo da kayan lantarkin ciki. Na H1n yana da ɗan yawa, domin an ƙera ta ne don hira da waƙa da lacca, inda mai magana ke kusa kuma muryarsa ke da ƙarfi. A Lekki ba za ka lura da shi ba, titi ya rufe shi. Ka kai ta gandun dajin Okomu a Jihar Edo, ko Gashaka Gumti a Taraba da Adamawa, wanda ya fi kowane gandun daji girma a ƙasar nan, ka ce za ka kama wani tsuntsu da ke kuka can ƙurya. Dole ka murɗa dabaran ya haura 7, kuma daga nan hucin zai taso ya zauna daidai inda siraran muryoyin suke. Sai faifan ya fito kamar ana yayyafi a kan kwano alhali ko ɗigo ba a yi. Manhajojin goge huci suna rage shi, amma sukan bar kukan tsuntsun da wani amo kamar daga cikin gwangwani. Idan tsuntsaye sun yi yawa kuma suna kusa, kamar lokacin da gari ke wayewa, ko kwaɗi bayan ruwan sama, ba matsala. Shirun daji kansa, mai ɗan motsin ganye da kuka ɗaya daga nesa, shi ne ya fi ƙarfinta.

Akwai magani, kuma ramin makirufon wajen nan ne ya sa ake iya ba da shawarar sayenta da zuciya ɗaya. Ana sayar da wasu ƙananan makirufo biyu masu ƙwayar Primo EM272, kowanne bai fi kan ɗan yatsa ba, hucinsu ƙasa sosai, wajen desibel 14. A nemi masu bakin jonawa irin na hedifon, milimita 3.5. Da an jona su na cikin sun daina aiki. Sai a sami bishiya mai kaurin kan mutum ko fiye kaɗan, a ɗaure ɗaya a dama ɗaya a hagu, gangar jikin bishiyar ta zama kamar kai tsakanin kunnuwa biyu. Su ma kowanne da 'yar hular gashinsa. Saboda sun fi na ciki ji, ba sai an murɗa dabaran sosai ba, kuma bambancin a bayyane yake tun a saurarar farko. Da wuya a same su a shagunan gari, yawanci sai an yi odarsu daga waje.

Wajen saita ƙarfi, a sa hedifon a kunne a dubi sandunan da ke rawa a allo. Ana so kuka mafi ƙarfi ya tsaya wajen -12, ya bar sarari don hankakan da zai iya sauka kusa ya kwarma ihu. A daji irin na Lekki hakan yakan faɗo tsakanin 5 da 7. AUTO LEVEL kuwa a kashe shi a manta da shi. Aikinsa shi ne ya ƙara ƙarfi idan wuri ya yi shiru, ya rage idan an yi ƙara, sai ka ji rugugin titi na kumbura yana sacewa kamar numfashi duk lokacin da tsuntsu ya yi kuka ya tsaya. Mafi muni, yana lalata kwatance, domin faifan safe da na rana za su fito da ƙarfi kusan ɗaya.

Mai son ya auna hayaniyar wuri da ita, ga hanya mai sauƙi da ke ba da sakamakon da za a iya karewa. A zaɓi wurare 3, ɗaya kusa da ƙofa, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙarshen daji. A kowanne a ɗora rakodar a tsayi ɗaya, kamar mita 1.5, tana kallon gabas ko duk inda aka zaɓa, amma kar a canza. Dabaran a lamba ɗaya, a manna masa ɗan salatif don kar ya goce. A ɗauki minti 10 cif. Kafin a ja da baya a faɗi da baki ranar, da lokacin, da wurin, da lambar dabaran, da yanayin iska, domin bayan wata 3 babu mai tuna wane fayil ne wane. A gida sai a raba minti 10 ɗin gida 60, kowane daƙiƙa 10, a saurara a ƙirga gida nawa aka ji mota, ko jirgi, ko janareto, ko lasifika, ko maganar mutane. Wannan adadin, da kuma tazara mafi tsawo da aka samu babu ƙarar ɗan Adam, irin ma'aunan da masu kula da gandayen Amurka ke amfani da su ne. Gordon Hempton, Ba'amurken da ya shahara da neman wuraren shiru, minti 15 babu ƙarar mutum yake nema kafin ya kira wuri mai shiru.

Abin da ba za ta yi ba shi ne ta gaya maka desibel nawa ne a wurin. Lambobin allonta suna nuna yadda faifan ya cika ne kawai, kuma suna canzawa da murɗa dabaran. Wanda ke son kai ƙorafi ga hukumar kare muhalli ta Jihar Legas, LASEPA, wadda ma'auninta a unguwannin zama shi ne desibel 55 da rana da 45 da dare, na'urar auna ƙara yake buƙata, mai daraja ta 2 aƙalla. Su ma masu arahar yawanci daga desibel 30 suke farawa, kuma ma'aunin A da irin waɗannan na'urori ke amfani da shi yana rage wa kauraran sautuka nauyi, don haka rugugin da ke damun kurciya zai fito da lamba ƙarama. An fi samun gaskiyar wuri idan an haɗa biyun, mita ta ba da lamba, rakoda ta nuna mene ne ke yin ƙarar.

Lokaci rabin aikin ne. A Legas rana na fitowa wajen 6:30 zuwa 7:00 duk shekara, tsuntsaye kuma sukan fara rabin awa ko fiye kafin nan, wato da an idar da sallar asuba ya kamata rakoda ta riga ta hau ƙafafunta. Wuraren shaƙatawa ba su cika buɗe ƙofa a wannan lokacin ba, don haka a nemi masu kula da wurin tun da wuri a kan izinin shiga da na ɗaukar sauti. Ranakun aiki titi ya fi cika, Asabar da Lahadi da ranakun hutu kuma baƙi ne ke cika dajin, da 'yan makaranta, da masu lasifikar hannu. Farkon damina, daga Afrilu, shi ne lokacin kwaɗi da yawan kukan tsuntsaye. Safiyar da ta biyo ruwan dare tana da daɗi, sai dai ɗigon da ke sauka daga ganye a kan hular gashi yana fitowa kamar harbi, a kauce wa ƙarƙashin reshe.

Danshin Legas kuma ba ya raga wa kayan lantarki. H1n ba ta da kariyar ruwa ko kaɗan. Idan aka fito da ita daga mota mai sanyin AC zuwa cikin fadama, raɓa takan kwanta a kan makirufo, sai a ji tsattsage da ɗan fashe-fashe a faifan. A bar ta cikin jakarta minti 15 ta saba da zafin waje kafin a kunna. A gida a ajiye ta cikin roba mai murfi da ke rufuwa gam, tare da 'yan ƙunshin ƙwayoyin shan danshi irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi. A cire batir duk lokacin da za ta kwana biyu ba a taɓa ta ba, domin batirin da ya zubar da ruwa a cikinta yana cinye ƙarafunan da yake taɓawa. Idan an mayar, a duba kwanan wata da agogonta kafin a fara.

Kamfanin ya ce batir alkalin na kai wajen awa 10. Da hedifon a kunne da fayil mai nauyi, a yi lissafin ƙasa da haka. Baturan arahar da ake tallarsu a go-sulo ba alkalin ba ne, ba sa jimawa, kuma sun fi saurin zubar da ruwa. Masu caji na NiMH sun fi sauƙi a tsawon lokaci, amma a shiga saitin na'urar a gaya mata irin batirin da aka sa, in ba haka ba alamar da ke allo za ta riƙa yaudara. Tana kuma karɓar wuta ta USB daga fawa banki, sai dai da yawansu sukan kashe kansu idan abin da aka jona ba ya jan wuta sosai, kuma H1n kaɗan take ja. A gwada a gida na awa ɗaya tukuna, kuma a bar batir a ciki.

Wajen saye, ko a Computer Village ta Ikeja ko a Alaba, a je da batir da kati da hedifon na kai. A kunna, a yi magana ta dama a yi ta hagu a ga sandunan biyu na motsi daidai, a murɗa dabaran daga 0 zuwa 10 a saurara ko yana ƙarar yashi, a jijjiga bakin hedifon a ramin a ji ko yana yankewa. Katin memori ya fi rakodar hatsari, domin jabu sun yi yawa, kati ya nuna 32 alhali cikinsa bai kai ba, sai ya riƙa cinye tsofaffin fayiloli yana nuna komai lafiya. Ƙaramar manhajar H2testw tana cika katin ta karanta shi ta faɗi gaskiyar girmansa. Bayan nan a goge katin daga cikin rakodar kanta.

Tana da 'yar lasifika a jiki don duba abin da aka ɗauka. Don Allah kar a kunna ta a cikin daji. Tsuntsun da ya ji kukan irinsa yakan ɗauka kishiya ce ta shigo masa, ya bar sheƙa da neman abinci ya zo faɗa da abin da babu shi. Hedifon ya wadatar. Birai kuma, musamman na Lekki da suka saba da mutane, hular gashin nan tana jan hankalinsu, don haka kar a yi nisan da ba za a iya kai mata ɗauki ba, kuma kar a bar abinci a jakar da ke kusa. Gano mai kukan kuwa, manhajar BirdNET tana ba da hasashe, sai a tabbatar da shi a shafin xeno-canto, inda masu ɗaukar sauti daga ko'ina suke tara kukan tsuntsaye, kuma inda mutum zai iya ɗora nasa.

Wanda ke son barin na'ura a daji kwana da kwanaki tana kunna kanta tana kashewa, AudioMoth ya dace da shi, mai batir AA guda 3, duk da cewa makirufo ɗaya gare shi kuma don nazari aka yi shi, sautinsa ba na jin daɗi ba ne. Akwai kuma ƙanwar wannan rakoda, H1essential, da ta fito a 2024, wadda ba ta buƙatar saita ƙarfi kuma tana karɓar manyan katuna, amma wannan sauƙin ba ya kawar da hucin ƙananan makirufo a wuri mai shiru. Ga ɗalibi, ko malamin makaranta, ko mai sha'awar da zai fara daga Lekki da LUFASI da bakin lagun, H1n da hular gashi da ƙafa uku da batir masu caji 4 sun isa a fara gobe da asuba. Mai shirin Okomu ko Gashaka kuwa ya haɗa kuɗin makirufon EM272 a cikin lissafinsa tun daga farko, ya kuma yi odarsu da wuri don su iso kafin ranar tafiya.